Hanta da Jini

Shekara goma sha tara ina fawa a Oko-Oba.
Kafin ladanin Agege ya kira assalatu
wuƙata ta riga ta sha dutse.
Na san hanta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta:
mai lafiya sumul take, tana sheƙi,
ka latsa da yatsa ta dawo.
Mai ciwo kuwa ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji,
malamin dabbobi ya zo da farar rigarsa
ya tsaga, ya girgiza kai, ya ce a zubar.
Na zubar da ɗaruruwa,
ban taɓa dafa haƙarƙarina na dama ba.

Da yamma in na wanke jini
sai in tsallaka layin dogo
zuwa teburin Iya Sikira,
kwalabe a jere, saiwoyi a jiƙe cikin ogogoro,
wannan na basir, wancan na ciwon baya.
Da na ciwon baya na fara.
Bayan ya warke tun Hansatu tana goye,
yanzu tana aji biyar, ni ina nan kan benci.
’Yar leda a aljihu, kanumfari a baki
don kada na kusa da ni a sahu ya ji.
Mahauta suka ce ni da kwalba hanta da jini ne,
muka yi dariya har da tafawa.

Barau ne ya riga ni.
Cikinsa ya taso kamar tulu, ƙafafu kamar turmi,
muka ce sammu ne, an yi masa asiri kan rumfa.
Muka shimfiɗa masa tabarma a motar shanu mai komawa gida.
Bai wuce Mokwa ba.
Ranar sadakar uku na sha biyar
don kada in tuna fuskarsa.

Sai ga Hansatu da safe, tana ɗaura takalmi:
Baba, me ya sa idonka ya yi ruwan ɗorawa?

A asibitin Ikeja aka shafa mini abu mai sanyi a ciki,
aka goga na’ura, allo ya kawo hoto dishi-dishi.
Likita tana lalubo kalmar da zan gane,
na ce bar shi, likita, sana’ata ce.
Da a kan teburina na ga wannan
ko kyauta ba zan ba mai kare ba.
Nan hantata ta kaɗa,
abin da ya rage nata.

Ta ce da saura.
Ta ce hanta mai haƙuri ce, ba ta kuka sai ta gaji,
in ka sauke mata kaya tana iya numfasawa.
Amma kada ka yi kokawar kai kaɗai,
jiki zai yi rawa, dare zai yi tsawo,
ga magani, ka dawo Talata.

Shawara ce ta shiga idona,
ni mahauci, na yanke ta.

Yau kwana tara.
Hannuna na karkarwa, na ba Tanimu wuƙar yanka,
ni sai awo da ƙulla leda.
Cikin dare zufa ta jiƙa katifa,
Lantana ta tashi ba ta ce komai ba, ta dama kunu.
Na canza hanya, ina zagawa ta ƙarƙashin gada
ko da ruwan Ikko ya kai gwiwa.
Bashin Iya Sikira, naira ɗari bakwai,
yaro na aika ya kai,
don na san ƙafata, ta san bencin nan fiye da ni.

Ɗazu aka feɗe wani bijimi ɗan Mambila,
Tanimu ya miƙo mini hantar, da ɗuminta.
Na daɗe riƙe da ita
har mai saye ta ce, Malam, za ka auna ko in tafi?