Yatsan Abarshi

Shekara goma sha tara Abarshi na bakin ƙofa
a gidan matasa na Tawa,
da kundin tikiti, da hatimi, da gwangwanin canji.
Ya lashi yatsa, ya yage, ya miƙa.
Ya san mai nauyin kunne, ya tura shi gaba.
Ya san mai ciwon gwiwa, ya ba shi bakin layi.
Ya san biyun nan da ba sa ga maciji,
ya raba su da benci uku.

Sai ƴan wasa suka ce mini:
Nomau, kai ka karanci na'ura a Yamai,
gina mana ƙofa a cikin salula.

Ta farko da na gina, kai, sai ka gani!
Jan labule mai buɗe kansa,
taurari na zuba, kalangu na tashi.
Na kai wa Inna Tsahara mai ƙosai ta gwada,
allon wayarta a tsattsage
kamar gindin tabki a bazara.
Ƴar da'irar nan ta yi ta juyi,
ta yi ta juyi.
Kasko biyu ya soyu, labule bai motsa ba.
Ta ce, "Ɗan nan, ya cinye mini dala hamsin,
ko ƙafar kujera ban gani ba."

Daren nan na kwance labule,
na share taurari, na sallami kalangu.
Abin da ya rage: sunan wasa, rana, ƙarfe nawa,
jaka ɗaya gaba, dala ɗari baya,
yara a tabarma.

Na koma.
Shafi ya nemi kalmar sirri mai harafi takwas.
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Banki za ni, ko dariya?"
Na cire.
Ya nemi ranar haihuwa.
Ta ce, "Shekarar fara."
Na cire.
Maɓallin biya ƙarami ne kamar ƙwayar gero,
yatsanta mai maiƙo ya danna uku a tare.
Na faɗaɗa shi ya kai bakin ludayi,
na shafa masa kore, ya fito ko a tsakar rana.

Akwai agogon da na sa,
minti biyar, in ba ka biya ba kujera ta tafi.
Aka kira la'asar tana tsakiyar saye.
Ta sallame, ta tarar an kore ta.
Yanzu kujera na jiran mutum
har ya shafa addu'a.

Ga wanda boko bai ratsa gidansu ba
na ɗauko muryar Zuwaira, mai fitowa a surukar wasa,
tana cewa, "Taɓa nan. Madalla. Saura kaɗan."
In kuɗi bai shiga ba, ba jan rubutu, ba tsawa,
sai ta ce, "Layin ne, ba kai ba ne. Sake."

Abu ɗaya ya gagare ni.
Na zana benci, na zana bedin da ke tare wa mutum biyu gani,
na sa alama inda lasifika ke tsaga kunne,
amma na rasa gurbin da zan rubuta
wane da wane sun yi faɗa kan iyakar gona.

Ran Asabar, bayan isha'i,
layi ya tafi sumul kamar zare a allura.
Inna Tsahara ta ɗaga wayarta sama,
tsagar ta ratsa tambarin, amma ya karantu.
Abarshi na nan, ba kundi, ba gwangwani,
salula a tafin hannu.
Ya leƙa allo, ya leƙa fuska,
ya ce wa wani, "Kai, na'ura ta ce benci na huɗu,
ni na ce koma na bakwai."

Ina tsaye a gefe, ina kallon hannunsa.
Kafin ya taɓa gilashin,
kowane mutum, kowane karo,
sai ya lashi yatsa.