Teku a Bagalam

Ranau direba ya kawo mini teku daga Kwatano
cikin akwatin gilashi,
ni da ban san ruwan da ya wuce Gulbin Maraɗi ba.

Da dare nakan haska tocila:
ƴan jatan lande, kwarkwata ma ta girme su,
suna tsalle bisa murjani
kamar gero a bakin turmi.

In sun yi yawa, gilashi ya dushe.
In sun ƙare, shuɗin kifina ya kwana da yunwa.
Sai na ware wasu a kwalba bayan ƙofa,
ina auna musu gishiri da cokalin shayi.

Jiya wuta ta ɗauke.
Har asuba ina motsa ruwa da ludayi.
Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallo, ta ce,
“Kakanka dai shanu ya kiwata.”