Awon Baya

Shekara talatin da ɗaya ina sunkuye kan keken ɗinki
a layin teloli na Kasuwar Barci,
yau ga shi barcin ne ya ƙi ni.
Ciwo ya taso daga tsatso kamar zare mai zafi,
ya bi cinyar hagu, ya sauka har babban yatsa,
ya ƙulle, ya ƙi tsinkewa.

Lantana ta ce, Baba, akwai aikin da ake yi da haske,
leza sunansa,
ba a farke mutum kamar buhun masara,
ƙofar ba ta wuce ramin maɓalli ba.
Na ce to, ramin maɓalli na san shi.
Na kuma san yadda ɗan koyo ke ɓata shi.

Asibitin farko a Barnawa yake.
Daɓe sai ƙyalli, har na hango fuskata a ƙasa.
Likita bai ɗaga hoton bayana ga fitila ba,
ya ce Alhamis mai zuwa, ya rubuta kuɗi
da sifili jere kamar maɓallan kaftani.
Na ce, baya nawa hannunka ya taɓa?
Ya nuna mini na'ura, ya faɗi ƙasar da ta fito.
Ni ma kekena daga nesa ya zo, Likita,
amma bai taɓa ɗinka riga ina masallaci ba.

Na biyu, can wajen Malali,
sun ce gwanin nasu daga Abuja yake zuwa ran Asabar,
ya yi aiki, ya bi jirgin ƙasan yamma.
To ran Litinin fa,
in na kira ƙafata ta ƙi amsawa,
wa zan tasa? Mai gadi?
In an ɗauke wuta ina kife a gado,
makullin janareto a aljihun wa yake?
Yarinyar da ke bakin kanta ta yi murmushi,
ta miƙo takarda mai hoton Bature yana gudu a bakin teku.
Cinikin biri a sama. Muka fito.

A hanya babu ramin da bai gaisa da tsatsona ba.
Lantana na lissafi ƙasa-ƙasa:
filin Rigasa, kekuna biyu, adashin uwarta.

Na uku ba shi da babban allo.
Bencin katako, da fanka mai kuka,
da Dakta Maikano, tabarau a goshi.
Ya sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu,
ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar guduma,
ya daɗe yana duban hoton nan
yadda nake duban shadda kafin in ɗauki almakashi.
Ya ce ga inda guringuntsi ya zame ya danne jijiya.
Ya ce hasken yana yi wa wasu, wasu ba ya yi musu,
ban san sahun da kake ba tukuna.
Ya faɗi yawan waɗanda ya yi wa,
ya faɗi waɗanda suka dawo suna ɗingishi,
bai ɓoye ko ɗaya a aljihu ba.
Mako shida na gashi da motsa jiki, in ya ƙi, mu sake zama.
Kuma je ka ji ta bakin wani likitan,
ba zan ji haushi ba.

Nan na gane shi, ɗan sana'armu ne:
mai awo sau biyu kafin ya yanka,
mai cewa yadin nan ba zai yi babbar riga ba
ko da mai yadin zai tafi da kuɗinsa.

Mun fito ana kiran la'asar a Tudun Wada.
Ciwon na nan, bai san an yi zama a kansa ba.
Lantana ta ce, Baba, ai ba a yi komai ba.
Na ce an yi awo.
Riƙe ni mu tsallaka.