Minti Uku

Ni tela ne a bakin kasuwa,
sai aka ce hannuna na da kyau a takarda.
Shi ke nan na zama magatakardan kwamitin lakwal,
ranar Asabar kaye ne a gabana, ba keke ba.

Mun zauna ajin ƴan shekara bakwai,
bisa bencin da gwiwa ke taɓo haɓa.
Alhaji Labo ya hau kujerar dirakta,
dirakta ya jingina da allo,
rabin lissafin jiya ya manne masa a bayan riga.

Bana aka ce a buɗe ƙofa,
duk mai magana ya zo ya faɗi.
Suka zo daga Bagalam, suka zo daga Mokoyo,
wasu da lakar gulbi a duga-dugai.
Mata suka cika tagogi har iska ta rasa hanya.

Kuɗin asusu jikka ɗari da arba'in.
Doka ɗaya ce: kowa minti uku.
Mushe Nomau ya aza salula bisa tebur,
in ta yi carar zakara, sai ka nemi wurin zama.

Arzika ya miƙe:
ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa.
Yana cewa, “To, abin da ya kawo ni,”
zakara ya yi cara.
Na rubuta: Ya gaida jama'a.

Mantau ya ce a ƙara tsawon katanga.
Babu wanda bai san mai shagon siminti ba.
Wani ya ce fenti, baƙi na zuwa daga Yamai.
Wani ya zagi mushen da ya tsinke wa ɗansa kunne,
wannan ban rubuta duka ba.

Sai Tsahara mai awara ta ɗaga hannu daga taga.
Alhaji ya ce, “Ke da wa kike da shi a rajista?”
Ta ce, “Shekara sha ɗaya ina ƙofar nan.
Na san wanda ya karya kumallo,
na san mai lasar takardar wani.”
Aka matsa mata, ta shigo da ƙamshin mai.

Ta ce, “Makewayin ƴan mata ba ƙyaure.
Buhu ne a rataye, shi ma ya yage.
Manyansu gidana suke zuwa, kai a sunkuye,
wadda ta ji nauyin roƙo ta wuce gida,
ba ta komowa sai gobe,
wata goben ma shiru.
Mushe, saura nawa?”

“Minti biyu.”

“To, nawa ne. Ba na bayarwa.”

Ta tsaya. Ba ta ƙara ko uffan ba.
Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawon zare haka ba.
Alhaji ya cire hula, ya duba cikinta.
Adaidaita ta wuce, tunkiya ta yi tari,
sannan daga bayan aji
muka ji buhun nan yana marin bango,
fat, fat,
kamar mai sallama a gidan da aka yi barci.

Zakara ya yi cara. Ta koma wurin kaskonta.

Aka ɗaga hannuwa: ƙyaure talatin da ɗaya,
katanga tara, fenti mutum guda da ƙanensa.
Alhaji ya ce za a nemo maƙeri bayan albashi.
Na san bayan albashin garin nan,
sai na kwana ina dalle tamfol,
asuba na kai, na kafa ƙusa huɗu.

Litinin dirakta ya buɗe kaye:
“Malam Gambo, me ya sa ka tsallake layi biyu?”
Na ce, “Ban tsallake ba, ranka ya daɗe.
Jawabin Tsahara ne.”