Takarda Mai Gida Biyar

An ba ni takarda mai gida biyar,
an ce: je ki auno raunin manomi.
Ɗaya, lafiya lau. Biyar, ya durƙushe.
Na hau kabu-kabu daga Maradi zuwa Jiratawa,
fensir maƙale a ɗankwali.

Na iske Baba Nomau bakin kunya
yana dasa wa hauya sabuwar ƙota.
Na ce: Baba, ruwan bana ya isa?
Ya ce: A wace gona?
Ta jigawa ta ƙone tun gero bai yi bununi ba,
ta fadama, gulbi ya kwana cikinta sau biyu,
tsakaninsu kuwa ko goro ɗaya ba ki gama taunawa.

Ma'aunin ruwanmu na can bayan ofis.
Ya ce bana daidai da bara.
Bai faɗa ba rabin ruwan dare guda ya zubo,
bai ƙirga kwana goma sha tara
da shuka ta yi da ganye a naɗe tana kallon sama.

Na ce: Dami nawa?
Ya yi dariya. Wa ke ƙirga dami gaban baƙo?
In na ce kaɗan, maƙwabci ya ji.
In na ce da yawa, ku share sunan garinmu.

Tsahara ta leƙo daga bayan rumbu:
Rubuta akuya uku. A'a, biyu,
ja ɗin ta zama irin shuka na biyu.
Rubuta Zabairu, yana Agadas.
Watan da ya aiko, mu 'yan gida na biyu ne.
Watan da waya ta yi shiru, huɗu da rabi.

Babu gidan rabi a takardata.

Zafin ne, Baba, ko ƙasar ce ta gaji?
Tsadar taki, ko tsutsar zangarniya,
ko gonar da magada bakwai suka yayyanka?
Ya nuna mini ɗan gawon da ya bari ya tashi
tsakiyar wake:
Tambayi wancan, ya fi ni jin ƙasa.

La'asar sakaliya na zagaye uku.
Na goge. Na zagaye huɗu. Na goge,
har takarda ta huje.

Ta hujin na hango hadari gabas,
baƙi ƙirin, yana tafe a hankali,
bai gaya wa kowa ba
gonar wa zai tsallake.