Kwana Ashirin da Takwas

Likita Ovalle ta yagi takarda daga littafinta,
ta shimfiɗa a tafin hannu.
Ta ce, "Dominga, haka 'yarki ta faro,
a shimfiɗe, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba."
Sai ta naɗo gefe da gefe har suka haɗu,
ta bi da yatsa daga tsakiya, ta yi sama, ta dawo ƙasa,
kamar mai jan zif.
Saura ƙiris ta kai ƙarshe, ta tsaya.
"Nan ne bai rufe ba."

Na ce, yaushe?
Ta ce, kafin kwana ashirin da takwas su cika.
Lokacin ina ƙirga ɓatan wata da yatsu,
ina cewa ƙila gajiya ce.

A motar komawa Totonicapán
na yi ta bin kwanakin da baya da baya
kamar mai neman allura a tabarma.
Ranar da na rina jan zare har hannuna ya kwana da launi?
Ranar kasuwar Salcajá da ruwa ya ba mu kashi?
A wata Talata da ban ko kula da ita ba
an ce wata zuciya ta fara bugawa ƙarƙashin tawa,
ina can ina ciniki kan barkono.
Ido bai zama ido ba tukuna,
hannu ɗan tsiro ne kamar na dankali,
amma baya ya riga ya gama maganarsa.

Surukata ta ce husufin wata ne,
ban ɗaura jan ƙyalle da fil a cibiya ba.
Cirilo ya ce feshin gonar albasa ne,
wanda yake shigowa da shi a wandonsa.
Wata maƙwabciya ta ce masarar da ta yi fumfuna a rumbu.
Likita ta ce akwai wata 'yar ƙwaya, folik,
da na sha tun kafin ciki, ƙila.
Ta maimaita: ƙila.
Kowa ya miƙo mini nasa dalilin,
ba wanda ya yi daidai da girman ramin.

Ni masaƙiya ce.
Na san yadda zare ɗaya ke tsallake ɗan'uwansa
ba a ji ƙara ba,
sai an yi kamu uku a gaba ido ya gano.
A masaƙa ina warwarewa in koma.
Wannan ba a ba ni bakin zaren ba.

Tana kwana uku suka ɗinke ta a birni.
Daga baya suka sa mata siririn tiyo a ka
don ruwa ya samu hanya.
Na koyi sunayen da harshena ke tuntuɓe a kai.
Na koyi duba ƙafafunta kowane dare,
tun ranar da diddigenta ya taɓa kaskon gashi
tana ta surutu, ko a jikinta.

Eulalia shekararta shida yanzu.
Masaƙarmu ba ta neman ƙafa,
ƙugu take so da hannu da haƙuri.
Na ɗaura mata ƙarama a jikin ginshiƙi,
na sa tsumma a ƙarƙashin maɗaurin,
don a kan tabon yake kwanciya.
Tsuntsayenta duk karkatattu ne,
kuma ba ta yarda in gyara.

Takardar tana nan a gwangwanin sukari,
a naɗe, bakinta na ƙasa a buɗe.
Jiya ta gano ta.
Na buɗe baki zan ce ajiye,
sai ta kara ta a ido ɗaya, ta rufe ɗayan,
ta bi ɗakin da ita: kaza, tukunya, takalman ubanta,
ta tsaya a kaina.

"Mama, kada ki motsa.
Ina ganinki ta nan."