Lambar da ke Ƙasan Wasiƙar

Montevideo, ƙarfe bakwai, yayyafi na lasar taga.
Na ɗora ruwan zafi, na buɗe imel,
ga Yamandú, ƙanena, ya sake turo wata:
"Ki yaɗa maza! Yarinya 'yar shekara shida,
jininta mai wuyar samu, kafin Juma'a ake nema."
Sunaye tamanin jere a saman wasiƙar,
kowa ya cilla wa na gaba kamar garwashi a tafin hannu.

Shekara talatin na yi ina jera littattafai a laburare,
abin da na tsira da shi kaɗan ne:
ka tambayi takarda, wa ya haife ki, yaushe, a ina?
Wannan ba uwa, ba uba.
Juma'a, to wace Juma'a?
Asibiti, amma ba suna.
Na bi sawun hoton yarinyar,
na tarar da ita tana murmushi a tallan man goge baki.

Watan jiya gizo-gizo ne mai dafi a bayin jirgin sama.
Kafin shi, matafiyin da ya farka cikin ƙanƙara,
an yi gaba da ƙodarsa.
Kullum abokin abokin wani ne ya gani,
shi mai ganin ba a taɓa ganinsa ba.

Akwai lamba a ƙasa. Na buga.
Murya mai tari ta ɗauka: "Heber ne, gyaran takalma."
Ban gama bayani ba ya yi dariyar gajiya.
"Shekara goma sha ɗaya ke nan, baiwar Allah.
Da akwai ta, da yanzu ta isa shiga jami'a.
Wasu da kuka suke kira, tsakar dare."

Na ce, me ya hana ka sauya lamba?
Na ji ya ajiye guduma.
"Ina gaya musu babu yarinya.
Sai in ce, tunda kun riga kun naɗe hannun riga,
wurin karɓar jini na buɗewa da safe."

Na rubuta wa Yamandú: ƙarya ce, ga hujja,
kada ka ƙara turawa.
Na tsaya. Ruwan ya tafasa har ya ƙone.
Na ƙara layi ɗaya:
gobe ka zo da motarka, ka karya kumallo sosai,
akwai inda za mu.